Hoton Ajiya

Ku da kuke shigowa shagona kuna ɗaga mani waya, kuna cewa, "Baba Foto, abin da kake kwashe wuni kana yi, wannan dannawa ɗaya take yi," ban ce ƙarya kuke yi ba. Na gani da idona. A saka mata hoton mai ƙuraje ta fito da shi sumul, har ta ƙara masa farin da uwarsa ba ta haife shi da shi ba. In hoton aika wa budurwa ne, ku yi ta dannawa, ba ruwana. Amma akwai hoton da in aka kawo maka, amsar bakinka ce za ta sa mutum ya shiga daji ko ya zauna gida. An taɓa kawo mani irinsa, kuma tun daga ranar tsoron sana'ar nan nake ji.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyukan gefen Bena ne. Garin Zuru ya cika da mutanen da suka baro gidajensu, kowane zaure da baƙi, kowane aji na firamare da tabarmi. Biki ya tsaya, suna ya koma na cikin ɗaki, 'yan makaranta ma da ke zuwa ɗaukar hoton gama aji sun ɗauke ƙafa. Aikin da ya rage mani iri biyu ne: ƙananan hotunan fasfo na masu neman taimako, da manyan hotunan da ake jinginawa gaban akwatin gawa a coci. Na kai matsayin da in na ga mutum ya nufo shago da ambulan a hannu, gabana faɗuwa yake yi tun bai yi sallama ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi mutum biyu suka shigo. Macen sunanta Rifkatu, na san ta, ni na ɗauki hoton aurenta shekaru da dama da suka wuce. Namijin kuwa wan mijinta ne, Kofur Bitrus, tsohon soja, dogo, baƙi, wanda ko ritaya ba ta tanƙwara masa baya ba. Mijinta Ishaku aka ɗauke daga gona yana yankan dawa. Waɗanda suka ɗauke shi sun faɗi kayan da suke so, har da babur, kuma sun ce ɗan'uwansa na jini ne zai kai, ba ɗan aike ba. Dangi sun sayar da abin da suka sayar, kaya sun haɗu. Da aka ce a ba su shi a waya su ji muryarsa, sai aka turo hoto.

Kofur ya ajiye wayar kan teburina. Ya ce, "Foto, ba surutu ya kawo ni ba. Ka duba wannan. In yaron nan na da rai, gobe in tahi. In babu, kada in kai masu kaina a banza."

Na duba. Baƙi ne ƙirin, sai wani ɗan fari-fari a tsakiya mai kama da riga. A ƙarƙashin inuwar itatuwa aka ɗauke shi, da ƙaramar waya, kuma turowa ta ƙara matse shi.

Kofur ya shafa wayar ya nuna mani hoto na biyu. Ashe kafin su zo sun biya wajen wani mai cajin waya a tasha, ya saka masu hoton cikin manhajar nan taku mai gyara fuska. Ga mutum ya fito tas, kumatu cike, idanu na ƙyalli, kamar wanda ya tashi daga cin tuwo. Gida har an fara guɗa da aka gani. Rifkatu ce kaɗai ta ƙi.

Ta ce, "Baba Foto, wanga ba maigidana ba ne. Ina zanensa? Baban Lami na da zane ga kumatu. Wanga huskar tasa kamar ta ɗan birni."

Gaskiyarta. Ishaku na cikin na ƙarshen waɗanda aka yi wa zanen fuska a ƙauyensu. Manhajar ba ta san zanen mutanenmu ba, in ta gan shi datti take ɗaukarsa ta goge. Kuma abin da ita Rifkatu ba ta sani ba, ni na sani: manhajar da ta goge zane, ita ta zana idanun. Ba buɗe duhu take yi ba, fuskar wani take ƙirƙirowa ta liƙa. Ko hoton tukunya ka ba ta, in ta ga alamar ramuka biyu za ta saka masu ido mai ƙyalli.

Dole in koma baya kaɗan, don ku gane abin da na zauna yi a ranar da inda na samo shi.

Wajen wani Inyamuri na koyi aiki, Oga Emeka, mai shago kusa da tsohuwar tasha. Lokacin fim ne, ba a ganin hoto sai an wanke shi a ɗakin duhu, kuma in ka ɓata, ka ɓata ke nan, amarya ba za ta sake ɗaura aure dominka ba. Na daɗe ina shara da goge gilashi kafin ya bari in taɓa kamara. Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, 'yan kwaya ne, wato mawaƙan wata coci a Rikoto, sun ɗinka sababbin fararen riguna. Na jera su a rana tsaka, na ɗauka, na dawo ina taƙama. Da aka wanke, riguna sun fito fes, fuskoki kuwa babu, sai baƙin dunƙule a saman kowace riga. Oga Emeka ya ɗaga takardar ya ce da Hausarsa, "Danladi, riga ne ya ba ka aiki, ko mutum? Je ka kai wa tela wannan hoto, shi zai so shi."

Daga nan ya zaunar da ni ya koya mani abin da har yau nake ci da shi. Kamara wawuya ce, farin abu take bi, in ta ga farar riga sai ta rufe ido ta manta da baƙar fuska. Fatar mutanenmu ba a watsa mata haske gaba da gaba, maiƙo kawai za ta yi, goshi ya yi ta walƙiya, sauran ya mutu. Daga gefe ake kawo mata haske, a tausasa shi da farar lema ko farin ƙyalle, sannan a ɗaya gefen a riƙe wani abu mai mayar da haske kaɗan. Mu kwali muke liƙa wa takardar azurfa ta cikin kwalin sigari. Da hasken gefe ne ƙashin kumatu ke fita, gemu ya rabu da wuya, zanen fuska ya tashi layi-layi. Tsofaffin garin nan in hoto bai nuna zanensu ba, mayar maka da shi suke yi, su ce wannan ba su ba ne.

Abin da ya fi dukana a kai shi ne girgiza. In haske ya yi ƙaranci, kamara takan daɗe da ido buɗe kafin ta ƙifta, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan tsakanin sai ya fito a goge, kamar an ja yatsa kan ɗanyen fenti. Oga Emeka kan duba hoto ya faɗa maka laifin na wane ne. In komai ya goge, bango da kujera da mutum, to hannunka ne ya yi rawa. In bango ya tsaya cak, mutum kaɗai ya goge, to shi ne ya motsa, kai kuma ka yi sakaci ba ka ce masa ya tsaya ba. Ko wanne ne, ranƙwashi ɗaya ne. Ya koya mani matse gwiwar hannu a haƙarƙari, da riƙe numfashi kafin dannawa. Na tashi na tsani girgiza a hoto kamar yadda tela ya tsani ɗinki karkatacce.

Kwamfuta ta zo ina da furfura. Fim ya ɓace daga kasuwa, Oga Emeka ya tattara ya koma garinsu, ni kuma na ga in ban koya ba zan koma sayar da firam. Na rufe shago na tafi Kaduna wajen wani wanda na girme wa nesa ba kusa ba, na zauna bayansa ina kallo. Yatsuna da suka saba da ruwan magani suka ƙi linzamin kwamfuta, in nufi ido in dira a kunne. Ya yi haƙuri da ni. A wajensa na gane cewa duhun hoton zamani ba duka ne fanko ba, sau da yawa akwai abu kwance a ciki, ana iya tashinsa. Amma a hankali ake yi, wuri-wuri, ba a ɗaga hoton gaba ɗaya. In ka matsa da yawa sai ya watse ya zama tsaki-tsaki, ja da kore, daga nan kuma idonka ya fara ganin abin da ranka ke so. Ya kuma koya mani yadda ake ɗiga ɗan farin haske a ƙwayar ido, don fuska ta yi rai. Kusan kowane hoton amarya da ya fita shagona tun lokacin, ni na ɗiga wannan hasken da hannuna. Don haka ba wanda zai nuna mani ido mai ƙyalli a hoto ya ce mani shaida ce.

To, mu koma ga Kofur da Rifkatu. Abin da na fara yi shi ne na tashi na janyo ƙofar shago, na bar ta kaɗan a buɗe. A lokacin kowa ya san masu kai wa 'yan daji labari a cikinmu suke, suna cin kasuwa ɗaya da mu. In aka ji mai hoto na tona hotunan da suke turowa, ba a san fuskar wa zai tono a bayan itace ba, kuma ni ma ban sani ba. Ina tsoro ƙwarai. Na tada janareto don ƙararsa ta rufe maganarmu, ko da yake akwai wuta.

Na kwashe hoton na asali zuwa kwamfuta, na ajiye ɗaya gefe ban taɓa ba, na fara aiki kan ɗayan. Kofur na tsaye bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Na fara daga gefen da ba fuska, don idona ya saba. Jikin itace ya fara fitowa, da ɓawonsa. Sai wani buhu a ƙasa. Sai ƙafafu miƙe, da igiya a idon sawu. Rifkatu ta ja numfashi ta toshe baki da gefen zane. Na hau sama sannu a hankali, riga, wuya, haɓa. Mutumin na zaune ne jingine da itacen, kansa ya ɗan karkata.

Allah ya taimake ni da abu ɗaya. Hasken da ya ratso ganye daga hagu ya zo, gefe, irin wanda da ni na tsara shi haka zan sa shi. Da na ɗaga kumatun hagu kaɗan, sai ga layukan zane sun taso. Fuskar ta rame, ba ta yi kama da ta mai cajin waya ba ko kaɗan. Rifkatu ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin kwamfutar.

Ta ce, "Shi ne. Wanga shi ne."

Kofur ya ce, "Na san shi ne. Ba shi na tambaya ba. Foto, shina da rai?"

Na shiga idanun. Na faɗaɗa su har suka cika gilashi, sai ga su sun zama 'yan murabba'ai, baƙi da toka-toka. A buɗe suke rabi. Mai rai da ya gaji yakan yi haka, gawa ma takan yi haka. A idon hagu akwai wani ɗigo mai ɗan haske, amma irinsa na nan warwatse a jikin itace da kan buhu, tsakin hoto ne kawai. Na ɗaga, na sauke, na canza launi zuwa baƙi da fari, na koma. Zufa ta jiƙa mani riga. Na ce masa idanun ba su gaya mani komai ba.

Ya buga teburin da tafin hannu har linzami ya yi tsalle. "Shekara nawa kana wannan aiki? Mutum na gabanka, ka kasa sanin mai rai da matacce?"

Na rage hoton ya dawo daidai, na jingina da kujera, na dube shi gaba ɗaya yadda Oga Emeka ke duban aikin almajirinsa, yana neman abin ranƙwashi. Nan na gan shi. Ɓawon itace ya fita tsaf. Igiya ta fita tsaf, har ana ganin murɗinta. Gwiwa tsaf, maɓallin riga tsaf. Amma hannun dama, daga wuyan hannu zuwa yatsu, a goge yake, ya bar wata 'yar inuwa sama da cinya. Da hannun mai ɗauka ne ya yi rawa, da komai ya goge tare. Hannun nan kaɗai ne ya motsa, kamar ya ɗaga zai kori ƙuda.

Na nuna masu, na yi bayani da sauƙi yadda zan iya. Na ce, "Lokacin da aka danna wayar nan, hannun nan yana motsi. Iyakar abin da hoton ya ce ke nan. Ban san ranar da aka ɗauka ba, ban san abin da ya faru bayan nan ba."

Kofur ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce, "Gawa ba ta korar ƙuda." Ya gyara tsayuwa. "Ya ishe ni."

Rifkatu ta durƙusa ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah. Girgizar da na yi rayuwata ina gudu, yau a kanta zan ɗora ran mutum. Na sake ce masa ya yi tunani, mutanen nan sun saba riƙe wanda ya kai kaya. Ya ce ya sani. Ya ce lokacin da Ishaku ke golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, duk hutun da ya samu daga bariki a gonar uban Rifkatu ya ƙare shi, yana taya ƙanensa. "Da gumina aka auro yarinyar nan. Ba zan zauna in ga ta zama gwauruwa ina da ƙafa ba."

Sai ya juya ya dubi kujerar da ke gaban labule, ya ce in kunna fitilu.

Ku 'yan baya ba lallai ku san wannan ba. Garin nan garin sojoji ne, da wuya ka sami gidan da bai ba da ɗa ba. Tun zamanin Oga Emeka, in za a tura soja wurin da ake faɗa, yakan zo ya zauna a ɗauke shi hoto mai kyau, ya biya, amma ba ya tafiya da shi, ba ya kuma kai shi gida. A shago yake barinsa. Hoton ajiya muke ce masa. In ya dawo, da ƙafarsa yake zuwa ya karɓa, a yi dariya, ya ce ka tsufar da shi. In kuwa wani daga gidansu ne ya shigo ya ce ya zo karɓa, ba a tambaya, sai ka saka a firam ka miƙa da hannu biyu. Rifkatu 'yar garin nan ce, ta san abin da kujerar ke nufi. Ta tashi ta fita waje.

Na sa babbar fitila a hagunsa cikin farar lema, na ɗaga ta sama da kansa kaɗan, na jingina allon azurfa a dama, na sa ƙaramar fitila a baya don baƙin kansa ya rabu da labule. Ban taɓa ɗaukar mutumin da ya iya zama kamar Kofur ba. Ya dafa gwiwoyi, ya ɗaga haɓa, ya tsaya ƙyam, ko ƙiftawa babu. Ban ce masa ya tsaya ba, shi ya tsayar da kansa. Hoton ya yi kyau, na wanke shi a ranar na saka a aljihun tebur.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin abinci ba. Duk babur da ya tsaya ƙofar shago sai in miƙe. In na zauna gyaran hoton wani, sai in tsinci kaina na buɗe na Ishaku ina sake duba hannun, ina tambayar kaina ko iska ce ta kaɗa hannun riga, ko wani ne daga gefe ya ture shi da ƙafa. Duk yadda na juya shi, hannu ne, kuma ya motsa.

Ishaku ya dawo. A kasuwa na ji, wata mai sayar da doya ke faɗa wa wata. Na ji kamar an sauke mani buhu daga ka, har na fara hamdala a fili. Sai ta ƙarasa zancen. Sun karɓi kaya, sun sako shi, sun riƙe wansa. Wai daga tsayuwarsa suka gane tsohon soja ne.

Bayan 'yan makonni Ishaku ya shigo shagona da Rifkatu a bayansa. Ya rame har zanen kumatunsa ya zurfafa, yana tafiya yana jan ƙafa saboda ciwon igiya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce matarsa ta ba shi labarin hannun, kuma gaskiya ne, ƙudaje sun dame shi a wurin. Sannan ya ciro waya ya ajiye a daidai inda wansa ya ajiye. An sake faɗin kaya, an sake haɗawa da ƙyar, an sake turo hoto.

Ya ce, "Baba Foto, ka buɗe mana."

Na janyo ƙofa, na tada janareto. Inuwa iri ɗaya ce, ƙila ma itacen ɗaya ne. Wannan karon na san inda zan nufa, ban ɓata lokaci kan idanu ba, don a sunkuye suke. Na tashi itacen, na tashi igiya, na tashi ƙafafu. Kofur na zaune, bayansa a jikin itace, hannuwansa biyu kan gwiwoyi. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na bi kafaɗa, na bi ƙirji ko numfashi ya ɗaga riga, na bi haɓa, na bi leɓe. Komai ya fita tsaf. A irin wannan duhu, da irin wannan waya, ban taɓa ganin hoto mai tsabta haka ba, kuma ban taɓa ganin hoton da ya tayar mani da tsigar jiki kamarsa ba.

Ishaku ya ce, "Ya motsa?"

Na ce, "Bai motsa ba."

"To ya mutu ke nan?"

Na ce ban ce ba. Na ce masa ni da kaina na ɗauki mutumin nan a kujerar can, kuma haka ya zauna, hannu kan gwiwa, kamar an dasa shi. Wanda aka jingina da itace bayan ya cika zai fito haka. Kofur Bitrus da ransa, in ya ga an nuna masa kamara, shi ma haka zai fito.

Rifkatu ta zagayo ta durƙusa gaban kujerata, ta kama ƙafar wandona. "Baba Foto, don girman Allah ka ce mashi ya mutu. Kai yake ji. In ka ce ya mutu zai zauna. Ɗiyanmu ƙanana ne. Ka hwaɗi, ba wanda zai kama ka da laihi."

Ban taɓa son faɗin wata kalma kamar yadda na so faɗin wannan ba. Tana bakina. A zuciyata ma na fi zaton hakan ne. Amma in na faɗa alhali mutumin na zaune can yana jiran ƙanensa, to da bakina na kashe shi, kuma hoton bai ba ni wannan ikon ba. Wayarku da ta ba ta amsa nan take, ko wacce take so. Ni na sake duban gilashin, na nemi ko da gashi ɗaya da ya goge, ko wata alama ta ɗaya ɓangaren, ban samu ba. Na ce mata, "Ɗiyata, abin da ke ciki na faɗa. Ban san fiye da haka ba."

Ishaku bai yi mata faɗa ba. Ya ɗaga ta tsaye a hankali, ya ce, "Da yayana ya ce bai tabbata ba ya zauna gida, da yanzu wa ke tsaye nan?" Ya ja ƙafarsa zuwa gaban labule ya zauna, ya ce in kunna fitilu. Ranar sai da na ɗora kamara kan ƙafafunta na ƙarfe. Na kawo masa haske daga gefe, zanensa ya fito. Na wanke, na saka a aljihun tebur kan na wansa.

Damina ta shigo ta yi nisa ban ji komai ba, ni kuma ban da ƙarfin halin zuwa tambaya. Sai wata safiya ina goge gilashin firam, inuwa ta tare ƙofa. Rifkatu ce, ita kaɗai, da baƙin ɗankwali. Ta gaishe ni, na amsa. Ta ce ta zo karɓar hoto.

Ba a tambaya, na gaya maku, amma ni biyu ke gare ni. Na jawo aljihun tebur na ciro su duka, na jera su gabanta, na koma gefe na tsaya.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta ɗauki na Kofur ta rungume a ƙirji. Sannan ta sa yatsa ɗaya ta turo mani na mijinta.

Ta ce, "Wanga ka mayar, Baba Foto. Ba mu ji komi ba tukuna."